Takardar Ƙanwata

Shekara talatin da 'yan kai ina ɗinki a Tudun Wada, kuma da can babu ranar da za ta fito ta faɗi ban yi gardamar ƙwallo da wani ba. Yanzu bakina ya mutu. Idan ƙungiyar ƙasa za ta yi wasa sai layinmu ya watse, kowa ya nufi gidan kallo, ni kuwa in ɗiga wa keke mai in ci gaba da takawa. Mutane suna cewa tsufa ne ya kama tela. Ba tsufa ba ne, haushi ne, kuma rabin haushin nan na kaina nake ji.

Ina da ɗan ƙanwa. Shi ne ɗanta na fari, kuma a hannuna ya tashi, don ranar da aka yaye shi aka kawo shi wurin tsohuwarmu, bai sake komawa ba. Tsohuwa ta rasu yana da shekara shida, ya zama nawa. Ƙanwata irin matan nan ce masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta sa baki a maganarsa, in ya shiga gaishe ta sai ta amsa tana kallon tukunya. In ta kama dole ta ambace shi sai ta ce “wancan na gidanku”. Mu kuwa muna yaba mata, muna cewa ta san gidan da ta fito.

Mijinta Badamagare ne. Yana ɗan shekara tara ya biyo wani baffansa mai fataucin dabino zuwa Zariya, kuma tun daga nan sau biyu kawai ya koma, duk gaisuwar mutuwa. A nan ya yi gemu, a nan gemun ya yi fari. Teburinsa na dabino da goro yana bakin masallacin layinmu, in liman bai zo ba shi ake turawa gaba. Da ya zo neman auren ƙanwata babu wanda ya tambaye shi wata takarda. Me za a tambaya? Tudun Wada ai kowa zuwa ya yi. Bakano, Basakkwace, Babarbare, Banufe, duk wanda ka tona kakansa za ka iske shi da ƙunshin kaya a ka. Mu ma kakanmu daga wani ƙauye ya taso a nan ƙasar Zazzau. Bambancin kawai shi tafiyar yini guda ya yi, mijin ƙanwata kuwa ya kwana a hanya.

Ni nake riƙe da ƙungiyar yaran unguwa a lokacin. Babu wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina, tunda ni nake ɗinka musu riguna da ragowar yadi kuma na fi kowa murya. Yaron nan yana da shekara goma na san Allah ya yi abu a ƙafarsa ta hagu. Ba don nawa ba ne nake faɗa. Ku tambayi 'yan Tudun Jukun, har yau akwai wani mai tsaron gidansu da ba ya gaishe ni. Yaro siriri kamar sillen kara, amma in ya sa ƙwallo a ƙafa sai ka ga ƙarti uku suna karo da juna shi ya wuce. Ba ya surutu, ba ya faɗa da alƙalin wasa, wannan aikin ni nake yi masa daga bakin fili. Abu ɗaya yake so a duniya, ya sa rigar nan kore da fari. Har na ɗinka masa ta bogi da sallah, ya sa ta har ta koɗe.

Yana da shekara goma sha shida aka yi zaɓen yara a Kaduna, na ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da sha bakwai. Na rufe shago na kai shi da kaina. Yara kamar fari, daga ko'ina, wasunsu wallahi sun aske gemu da safen nan. Aka yi kwana huɗu ana tankaɗe da rairaya, yaro yana tsallakewa. Aka kai su asibiti aka ɗauki hoton ƙashin hannunsu, wai da shi ake gane wanda ya rage shekara. Masu gemu suka zube, nawa ya wuce, don shi shekarunsa na gaskiya ne, ni na yanka ragon sunansa. Ranar ƙarshe kocin ya dafa kafaɗarsa ya ce mini, “Malam, wannan namu ne. Ku je ku kawo fasfo nan da mako uku, za mu shiga sansani.”

A mota muna dawowa ban bar kowa ya yi gyangyaɗi ba. Kafin mu iso Zariya har direba ya san ɗan ƙanwata zai buga wa ƙasa.

Fasfo kuwa ba a ba ka sai da takardar asali, wadda muke ce wa indijin. Ni tawa ban ma tuna yadda na same ta ba, don ba ta ba ni wahala ba. Na je wurin mai unguwa ya rubuta mana wasiƙa. Dattijo ne mai gaskiya, ya rubuta abin da ya sani: an haifi yaro a nan, ya tashi a nan, mahaifinsa mutumin Damagaram ne mazaunin unguwar nan shekara arba'in, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na karanta na ji daɗi, a ganina yabo ne.

Washegari muka je ofishin da ake bayarwa. Layi har waje. Da muka iso gaban tebur muka tarar da wani matashi mai tabarau, sa'an ƙanen bayana. Ya karanta wasiƙar ya ɗago kai.

“Baba, wannan takardar ta asali ce, ba ta zama ba. Mahaifinsa ba ɗan nan ba ne.”

Na ce, “Ba ɗan ina ba ne? Mutumin da ya riga ubanka sanin Zariya?”

Ya ce, “Ka yi haƙuri, Baba. To mahaifiyarsa fa, ya sunanta, 'yar ina ce?”

Nan fa kaina ya yi zafi. Ga maza cike da ɗaki, kowa ya miƙa kunne, wannan ɗan yaron yana so in tsaya in karanta masa sunan matar aure. Na ce, “Kai, wa ya tambaye ka sunan taka uwar? Uba ake tambaya a takarda ko uwa? In ba za ka bayar ba ka ce ba za ka bayar ba, kada ka shigo mini da mata cikin magana!”

Yana cewa, “Baba, tsaya ka ji,” na fizge wasiƙata. Ɗan ƙanwata ya riƙe mini hannun riga yana cewa, “Kawu, bari ya gama,” na ture hannunsa na fice. A lokacin gani nake na kare mutuncin gidanmu. Har na ba da labarin a shago da yamma ina ƙara masa gishiri.

Wani da ke bayanmu a layi ya biyo mu waje ya ce mini abin ai mai sauƙi ne, kowa haka yake yi. Uban ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shi ɗan wani ƙauye ne na bakin iyaka ta wannan gefen, sai a je can a karɓo takardar, magana ta ƙare. Na ce shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Bayan la'asar na tafi gidansu. Na tarar da mijin ƙanwata a tsakar gida yana tsince dabino a faifai, ita kuma tana gefe tana tankaɗe. Na zauna na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har na gama, bai ɗago ba.

Ya ce, “Yaya, rantsuwar da Alƙur'ani ake yi?”

Na ce, “Ɗan dafawa ne kawai, minti ɗaya ba a yi.”

Ya ce, “In dafa in ce ubana ba ɗan garinsu ba ne?”

Na ce, “Malam, ubanka ya rasu, garin ma yaushe rabonka da shi? Wa ya san ka a can? Ɗanka ne fa zai buga wa ƙasa!”

Ya ajiye faifan. Mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce, “Ka ce in sayar da teburina, zan sayar. Ka ce in bi su ofis ofis ina roƙo, zan bi. Amma ba zan sake uba saboda tamaula ba.”

Tamaula! Wallahi da ba mijin ƙanwata ba ne da na faɗa masa abin da zai hana shi barci. Na faɗi wasu ma. Na ce taurin kai ne ba tsoron Allah ba, na ce shekara arba'in yana shan ruwan garin nan amma zuciyarsa tana cikin rairayi. Yana jin duk wannan yana cewa, “Allah ya huci zuciyarka, Yaya.”

Na miƙe zan fita sai na ji muryar ƙanwata. Ba ta daina tankaɗen ba, kuma ba ta kalle ni ba. A hankali ta yi maganar, kamar mai tsoron kada garin ya ji.

“Yaya, tawa fa? Wadda Baba ya karɓo mini lokacin da zan shiga makarantar horon malamai. Tana nan cikin akwati. Ba za ta yi wa wancan ɗin ba?”

Sai yanzu nake gane abin da ya ci mata kafin ta buɗe baki. Mace ce da shekara goma sha shida ba ta taɓa sa baki a maganar yaron nan ba, ko da ya karye a hannu aike ta yi a tambaya. Ranar ta haɗiye kunyarta a gaban yayanta da mijinta. Ni kuwa dariya na yi. Dariyar haushi, mai ƙarfi.

Na ce, “Ke ce ubansa? Yaushe aka fara bin dangin uwa a garin nan? Ki yi tankaɗenki, wannan maganar maza ce.”

Ta ce, “To, Yaya.” Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ba wai na auna shawarar ne na ga ba ta yi ba. Ko shiga kaina ba ta yi ba. Mu a wurinmu ɗa na uba ne, garin uba shi ne garinka, da sunan uba ake kiran ka a makaranta. Mai unguwa bai tuna da ita ba, mijinta bai tuna ba, duk majalisar shagona da muka kwana bakwai muna juya maganar babu wanda ya ce uwar fa. Mako ukun nan na ƙarar da su ina bin mutanen da suka san wani wanda ya san wani. Ranar da wa'adi ya cika na kira kocin na roƙe shi kwana biyar. Ya ce yana so, amma sunaye sun riga sun tafi, ba a aika sunan yaro babu lambar fasfo. Aka ɗauki wani a gurbinsa.

Yaron bai yi kuka a gabana ba. Ya shiga ɗaki ya kwanta da takalminsa a ƙafa. Da gari ya waye ya tafi fili kamar kullum, ya zagaya shi a guje har sai da na je na ce ya isa.

Daga nan na fara ƙin 'yan Landan. Kowa ya san su, yaran da aka haifa a Turai, suka tashi can, sauron ƙasar nan bai taɓa cizon su ba. Sai ka ji an ce manya sun hau jirgi takanas sun je har gidan iyayensu da riga a hannu ana lallashi. Yaro ya ce zai yi tunani, yana jira ya ga ko Turawan za su kira shi. In ba su kira ba sai ya tuna ashe yana da ƙasa, a yi masa fasfo cikin 'yan kwanaki, ya sauka a filin jirgi yana murmushi, sunansa ma bai iya faɗa daidai ba. Nawa kuwa da aka binne cibiyarsa a bayan ɗakin uwarsa a Tudun Wada, shi ne baƙo. A gidan kallo in ɗayansu ya ɓarar da ƙwallo sai in miƙe in yi ta zagi, har mai gidan ya roƙe ni in riƙa zama a baya. Yanzu na san yaran ba su yi mini komai ba, ƙofa suka gani a buɗe suka shiga.

Yaron ya ci gaba da wasa a ƙananan ƙungiyoyi, yau Kaduna gobe Jos, inda ba a tsananta tambayar takarda. Ya yi ƙarfi, ya yi kafaɗa. Yana da shekara ashirin da biyu wani mutum ya zo daga Yamai, babban birnin ƙasar ubansa, neman sa ya buga musu. Wai sun ji labarin akwai ɗan Badamagare a Zariya mai ƙafar hagu, kuma su a wurinsu tunda uban nasu ne, ɗan ma nasu ne. Takardu ba matsala, za su yi masa.

Ya zo shago ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya daɗe yana wasa da guntun yadi.

Ya ce, “Kawu, in je?”

Na ce, “Me kake jira?”

Ya ce, “An ce in ka buga wa babbar ƙungiyar wata ƙasa wasan gasa, ko sau ɗaya ne, ka ɗauru. Ba ka sake buga wa wata. Ni kuma har yanzu ina ganin kamar wata rana...”

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, “Wata rana me? Mutanen da suka ce kai ba nasu ba ne? Wanda ya ƙi ka, ka ƙi shi. Tafi inda ake son ka, ka ci musu ƙwallo su gani a talabijin su ciji yatsa!”

Ya ce, “To, Kawu.” Duk abin da na ce masa tun yana ƙarami haka yake amsawa.

Ya tafi. Ranar wasansu, wasan gasa ne kuma da rana, muka cika gidan kallo, har ubansa ya rufe tebur ya zo, karo na farko da na gan shi a irin wurin. Aka jera su ana taken ƙasa da Faransanci. Kyamara ta bi fuskoki ta zo kan nawa, yana motsa baki kamar mai cin ƙuli, ko kalma ɗaya bai sani ba. Yara suka fashe da dariya, ni ban yi ba. Ya zauna a benci har wasa ya kusa tashi. Saura minti tara aka sa shi. Sau uku ya taɓa ƙwallo, na ƙirga. Aka hura tashi. Ubansa ya share ido da bakin rawani ya ce alhamdu lillahi, ya koma teburinsa.

Ba su sake kiran sa ba. Aka sauya koci, sabon ya zo da nasa mutanen. Da ya dawo na tambaye shi yadda suka riƙe shi, ya ce lafiya lau, sai dai a sansanin babu mai kiran sa da sunansa, “ɗan Najeriya” suke ce masa.

Bayan shekara biyu wani lauya da ke koyarwa a jami'a, nan harabar Kongo ta Zariya, ya kawo mini ɗinkin babbar riga. Ina auna shi rediyo tana ba da labarin wani sabon ɗan Landan da aka shawo kansa. Na fara halina, na kwashe labarin yaronmu kaf na zuba masa, ina cewa ƙasar nan ba ta san nata ba. Ya bar ni na gama, hannuwansa a buɗe ina riƙe da tef.

Ya ce, “Wannan da ake magana a rediyo ai ubansa ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ta wajen uwa ya samu.”

Na ce, “Ta wajen wa?”

Ya ce, “Uwa. Dokar ƙasa cewa ta yi uba ko uwa, har kaka ma. Yaronku uwarsa 'yar ina ce?”

Na ce, “Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya.”

Ya sauke hannuwansa ya dube ni. Ya ce, “To ai Malam, yaron nan ɗan ƙasa ne tun ranar da aka haife shi. Takardar asalin uwar za ku kai, da takardar haihuwarsa. Wani ofishin ya kan ɗan yi gardama don an saba da ta uba, amma doka tana bayanku. Babu wanda ya gaya muku?”

Na zauna a kan kujerar keke. Ban san awon da na rubuta masa ba, rigar dai da ya zo karɓa sai da na sake ta. An gaya mini mana. Mutum biyu suka gaya mini, ɗaya na zage shi, ɗaya na yi mata dariya.

Ko azahar ban jira ba na tafi gidan ƙanwata. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta na ce, “Takardar nan taki tana nan?” Ba ta tambaye ni ta mece ce ba. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwa, ta ciro ta a cikin leda ta miƙo mini da hannu biyu. Da ta ce mini wani abu, ko da “ai na faɗa” ne, da na ji sauƙi. Cewa ta yi, “A gaida mutan gidan.”

Ban gaya wa yaron yadda aka yi ba. Na ce masa kawai an samu hanya, ya zo a ɗauki hotonsa. Lauyan ya raka mu, aka ɗan ja magana a tebur ɗaya, aka sa hannu. Abin da ya gagare ni shekara takwas bai cika wata guda ba ya fito, kore shar, da sunansa a ciki.

A shekarar kuwa yana kan ganiyarsa. Yana buga wa wata babbar ƙungiya ta gasar cikin gida, kusan duk mako sai an ambace shi a rediyo. Da aka tashi haɗa ƙungiyar ƙasa ta 'yan wasan gida sai ga sunansa a cikin waɗanda aka gayyata sansani. Na ce Allah mai iko, ashe rabon yana nan. Lauyan ya ce mini kada in yi saurin murna, ya tambaye ni shekarar yaron nawa ranar da ya buga wancan wasan. Na ce ashirin da biyu. Ya ce da bai kai ashirin da ɗaya ba da akwai gyara. Na ce minti tara ne fa, wa zai tuna? Ko mutanen Yamai ɗin sun manta.

Kwanansa uku a sansani aka kira shi ofis. An duba, an ga sunansa a takardar wancan wasan. Kocin da kansa ya raka shi bakin mota yana ba shi haƙuri, ya ce dokar duniya ce, babu wanda ya isa ya taɓa ta.

Daga tasha shagona ya zo kai tsaye da jakarsa a kafaɗa, wajen ƙarfe huɗu. Ya gaishe ni, ya zauna a benci. Na fara zagin masu doka, na ce 'yan Landan sai su buga wa Turawa tun suna yara su dawo a karɓe su, namu minti tara ya zama laifi. Ya bar ni na yi har na gaji. Sannan ya buɗe jakar ya ciro ledar takardun da muka yi fasfo da su, ya zaro ta uwarsa ya shimfiɗa a kan teburin yanka.

Ya ce, “Kawu, a mota nake duba wannan. Ta girme ni.”

Na ce, “Ta girme ka.”

“Tana gidan ke nan lokacin da aka ba mu mako uku?”

“Tana nan.”

“Babu wanda ya tuna da ita?”

Zan iya cewa babu. Uwarsa ba za ta taɓa faɗa masa ba, ubansa ma haka, sai dai maganar ta bi mu kabari. Ni ne mutumin da ya ce wa wani ya dafa Alƙur'ani minti ɗaya ba a yi, ƙaramar ƙarya irin wannan ba za ta gagare ni ba. Amma yana kallona da idon nan da yake kallona tun yana riƙe mini almakashi, sai na ji bakina ya ƙi.

Na ce, “Innarka ta tuna. Ta ce a gwada tata.”

Ya ɗago ya ce, “Inna? Da bakinta?”

“Da bakinta.”

“Me ka ce mata?”

Na faɗa masa. Ban rage ko kalma ɗaya ba, har dariyar na faɗa.

Bai yi faɗa ba, ni da na so ya yi. Ya ninke takardar yadda take, ya mayar cikin ledar, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Fasfon kuwa ya bar shi a kan teburin. Ya saɓa jakarsa ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa kowane dattijo a hanya.

Ya ce, “A tashi lafiya, Malam.”

Shekara huɗu ke nan. Yana gaishe ni duk inda muka haɗu, da sallah yana aiko mini da shinkafa, da na kwanta asibiti shi ya fara zuwa. Bai sake ce mini Kawu ba.